Sawun Kambas a Burtali

Ni na riga kowa gani. Tun ubanta bai sani ba, tun uwarta ba ta ankara ba, ni Tambari na Ɗan Isa na san jikata Rekiya ba ta da kowa a rai sai Sirajo mai gudu.

Sukari da gishiri sunka riƙa ƙarewa a ɗakin uwarta, ana ta zagin ɓera. Na ce a raina, ɓeran da ke awon gishiri da cokali ai ɗankwali gare shi.

Ban taɓa zama aji ba, amma ba a yi mini wayo. Yunwa ta binne sa'o'ina ta bar ni. Agana ta yi mini zane a fuska ta gaji ta tahi. Na ɗauki buhun gyaɗa a ka daga Zurmi har tashar jirgin Kaura ban sauke ba. Yarinyar da anka yanke wa cibi a gabana ce za ta ɓoye mini abu?

Wata safiya a farkon damina na ɗauki sandata na bi ta daga nesa.

Ba gona ta nufa ba. Ta ratsa gero har bakin burtali, hanyar shanun da ta miƙe daga wajenmu ta shiga ƙasar Zurmi. Ta aje gora a gindin wata kanya, ta ƙetara ɗaya gefen ta tsaya.

Can sai ga Sirajo tafe, dogo, siriri, zufa na tsiyaya. Ya ɗauki gorar ya kafa kai, amma ƙafafunsa ba su tsaya ba, yana ta taka wuri ɗaya kamar mai cuɗa ƙasar gini.

"Gishiri ya yi yawa yau," in ji shi.

"To gobe ka zo da taka gorar."

Ya yi dariya, ya duba agogonsa, ya wuce. Zancen ke nan duka. Ni da na yi zance a zamanina har ƙafata ta yi tsami, kunya na ji a madadinsa.

Sirajo ɗan wani tela ne a Kaura Namoda. Da ciwon ƙirji ya tashi, numfashi na yi masa kukan usur, har wani likita ya ce shi riƙa motsa jiki. Ya fara gudu, ƙirji ya buɗe, shi kuma bai daina ba. Da anka yanke mana jiha daga Sakkwato ana neman waɗanda za su yi mata tsere, wani mai koyar da wasanni a Gusau ya gan shi, ya ba shi agogo mai ƙirga lokaci da takalmin kambas. Tafin takalmin nan kunya-kunya ne kamar gonar dankali, da tauraro a dunduniya. Duk ƙasar nan babu mai irinsa.

Da gajeren wando yake gudu a da. Da Shari'a ta zo, ubansa ya ɗinka masa dogo har idon sawu. Duk da haka, da raɗe-raɗin shi da Rekiya ya kai kunnen ɗana Usmanu, ubanta, bai yarda ba.

"Baba, namiji baligi shi riƙa gudu ba wanda ya koro shi? Kullum gobara ake a gidansu?"

"Don lafiya yake yi, Usmanu."

"Mai lafiya tahiya yake. Ba zan yi mata dole ba, ta yi karatunta, ta san fari ta san baƙi. Ga Abdulbasit ɗan Alhaji na Shinkafi, sun kawo goron gaisuwa, in ba ta so ta kawo wani. Amma wanga, a'a. In na ji ta ƙara tsayawa da shi, ko sallama ce, ta nemi wani uban."

Rekiya na bayan zana tana ji. Ban faɗa masa abin da na gani ba. Na dai ci gaba da bin ta duk safiyar da ƙafata ta yarda.

Ku tuna shekarar da muke ciki. An riga an yanke hannun mutum a kan saniya, duk mai rediyo ya ji. In akuyar maƙwabci ta shigo gidanka, da sauri kake kora ta waje kada a ce kai ka kira ta.

* * *

Ranar wata Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, anka yi ruwa da asuba. Gwiwata ta kumbura, ban fita ba.

Gab da azahar babur ɗin Abdulbasit ya tsaya a ƙofar gida. Ya cire gilashi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji.

"Baba Usmanu, ban so ni ne zan kawo labarin nan ba. An kama ɓarawon shanu. Sirajo ne."

Na ji ƙwarya ta faɗi a tsakar gida.

Ga yadda abin ya faru. An kore shanun wata ruga a ƙasar Zurmi, masu bin sawu sunka biyo su cikin burtali. Ƙasa jiƙe take, komi ya fito raɗau: ga kofato, ga kuma bisa kofaton sawun takalmi mai tauraro. Suna cikin kallo manoma sunka ce ai yanzu wani ya wuce a guje. Wajenmu kuwa babba bai gudu sai da dalili.

Anka yi kururuwa. Sirajo ya hango mutane na ɗaga fartanya suna ihu, ya zaci irin kirarin da ake yi masa ne a hanya. Ya ɗaga musu hannu, ya ƙara wuta. Mai koyar da shi ya gargaɗe shi, in ya danna agogo kada shi tsaya ko sarki ne ya kira shi.

Samarin ƙauye biyu sunka bi shi, babu wanda ya ga ƙeyarsa. Sai sunka bi tauraron nan har shagon ubansa a Kaura. Sunka iske shi ya ɗora ƙafa ɗaya a bango yana miƙe jijiya.

"Yana ɗaure a ƙofar Magajin ƙauyen da ke kusa da rugar," in ji Abdulbasit. "Gobe sai gaban alƙali. Masu shaida sun fi a ƙirga, kowa ya gan shi yana gudu. An tambaye shi ko akwai wanda ya gan shi a hanya ba shanu, ya ce babu kowa."

Usmanu ya dube ni. "Ka ji mai lafiyarka, Baba."

Ya hau bayan babur ɗin, wai shi gani da idonsa.

Ƙarar babur ba ta gama ɓacewa ba Rekiya ta faɗo ɗakina. Ta zube a gabana.

"Tsoho, na ga shanun."

"Rufe ƙofa, amaryata. Yi magana a hankali."

"Ina gindin kanya sunka wuce. Mutum biyu ne, sun naɗe fuska da rawani, suna ta dukansu. Na laɓe. Na zaci fatake ne masu sauri su kai kasuwa. A mararraba sunka karya arewa. Sai da rana ta ɗaga Sirajo ya zo, shi kaɗai, ba ko sanda a hannunsa."

"Wa ya gan ki?"

"Babu. Tsoho, ya san ina wurin. Ya sani, ya ce babu kowa."

Ta kifa kai a gwiwata mai ciwo, na daure ban janye ba.

"In na yi magana za a ce mi ya kai ni daji. Za a ce mace da namiji su kaɗai. Bulala ake yi yanzu, Tsoho, a gaban jama'a, ana kiran sunan uban mutum. Baba ya ce in nemi wani uban. Inna fa? Da wane ido za ta shiga biki?"

Ni da na kwana a dajin Zurmi kura na shinshina ƙafata ban motsa ba, ranar nan na san tsoro. Na ga bulala a bayan jikata, na ga wuƙa a wuyan hannun yaron, na kasa zaɓen wanda zan kalla.

"In kuma na yi shiru?" ta ce.

"In kin yi shiru, ba wanda zai sani sai ni da shi. Ni ba zan faɗa ba. Shi ma kin ga bai faɗa ba."

"Ka ce mini in zauna, Tsoho. Don Allah ka ce in zauna, in ce kai ka hana ni."

"Ba zan ce ba."

"To ka ce in tahi."

"Shi ma ba zan ce ba."

Ta daɗe tana kuka, har majina na zuba a zanenta. Sannan ta ɗago.

"Wane hannu ake yankewa?"

"Na dama."

"Da shi yake ɗaukar gorar."

Ta miƙe ta jawo hijabinta daga igiya. Ta saka shi a baibai, ba ta ko lura ba.

* * *

Akori-kurar 'yan kasuwa ta sauke mu a ƙauyen. Tun daga nesa muke jin hayaniya.

Sirajo na zaune a ƙasa gindin durumi, an ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar shanu. Leɓensa ya fashe. An cire masa kambas an aje a tsakiyar fili, mutane na zagaye su kamar an kashe maciji. Magaji na bisa kujera, Liman na gefensa, Arɗon rugar na tsaye ya rataya sanda a kafaɗa, idonsa jawur.

"Na sake tambayarka," in ji Magaji. "Don mi kake gudu?"

"Ranka shi daɗe, don lafiya. Kuma jiha za ta kai mu gasa."

"Anka yi maka ihu, don mi ba ka tsaya ba?"

"Na danna agogo."

Wuri ya ɗauka. Wani ya ce, "Ku ji ɗan iska!" Wani ya ce a bar su da shi, ba sai an wahalar da alƙali ba. Na ga dutse a hannun wani saurayi.

Rekiya ta saki hannun rigata ta ratsa maza. Ta durƙusa a gaban Magaji.

"Ranka shi daɗe, ni na gan shi. Ni ce Rekiya ɗiyar Usmanu na Ɗan Isa."

Sirajo ya yunƙura har igiya ta yanke shi.

"Ƙarya take! Ban san ta ba! Ranka shi daɗe, ban taɓa ganin wagga yarinya ba, a kore ta!"

"Ka san ni, Sirajo," ta ce, hawaye na sauka a haɓarta. "Ruwan da ke cikinka yanzu ni na dama shi."

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na girgiza.

Ta faɗi komi: kanya, gora, mutum biyu masu rawani, mararraba. Na nemi Usmanu a cikin taro. Yana tsaye kamar an dasa shi, ya toshe baki da hularsa.

Sai Abdulbasit ya tako gaba.

"To jama'a, kun ji da bakinta. Ita da shi, su kaɗai, a cikin daji, kullum. Allah gafarta Malam, mi Shari'a ta ce a kan wannan?"

Idanun da ke kan Sirajo sunka juyo kanta gaba ɗaya. Na ji wani a bayana yana cewa ai sai a haɗa su a mota ɗaya gobe. Rekiya ta dunƙule cikin hijabi har ta koma kamar ƙunshin wanki.

Na buga sandata a ƙasa.

"Ba su kaɗai ba ne! Ni Tambari ina cikin gero ina kallonsu tun ruwan farko. Faɗin burtali ne tsakaninsu. Shi ko tsayawa bai iya ba, bare zama. A kawo Alƙur'ani in dafa."

Rekiya ta waiwayo ta dube ni baki buɗe.

Liman ya ce, "Yau fa, Baba? Yau kana wurin?"

Na san in na ce ina wurin, magana ta ƙare. Na kuma san Littafin da na ce a kawo.

"Yau ban je ba. Gwiwa ta hana ni."

Ina jin agogon yaron na ƙara a bayansa, cik, cik, ba wanda ya san yadda ake kashe shi. Abdulbasit ya buɗe hannuwa yana duban mutane.

Liman ya daɗe yana jan tasbaha. Sannan ya ce, "Ba a yi wa ɗiyar musulmi hukunci da zato. Hannu ma ba a yanke shi da zato. Amma maganar mace ɗaya mai sonsa ba ta isa ta kwance igiyar nan ba."

Ta zubar da sunanta a gaban gari, igiya kuma na nan.

Arɗo ne ya matso. Shi ba hannu yake nema ba, shanunsa yake nema. Ya tsuguna nesa kaɗan da ita.

"Yarinya, kin ce kin gan su. Wacce ke gaba?"

"Ban lura da ta gaba ba, Baffa. Ta baya na gani, don ita sunka fi duka. Ja ce, ƙahonta na hagu ya karye, tana ɗingishi."

Arɗo ya zabura ya miƙe.

"Ita ce! Wallahi ita ce! Ban faɗa wa kowa ba!" Ya juya kan masu bin sawu. "Kun duba mararraba?"

Sunka dubi juna. Babbansu ya sosa ƙeya.

"Da munka ji ga mutum can yana gudu, takalmin munka bi."

Sun bar kofato sun bi tauraro har Kaura, shanu kuwa na ta nisa zuwa iyaka.

Magaji ya tura babura biyu da Arɗo a baya. Munka zauna jira. Ba wanda ya yi magana da mu, ba wanda ya ba mu ruwa. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, ni kuwa ina kallonsa ina salati, don in ruwa ya sauka kafin su isa, sawu ya goge, ba kofato ba tauraro. Rekiya ma sama take kallo, leɓenta na motsi. Iska ta taso ta ɗaga ganyen durumi. Ɗigo ɗaya ya faɗo a bayan hannuna.

Ana kiran la'asar babur ɗaya ya dawo, mai tuƙin jiƙe da zufa.

"Ranka shi daɗe, gaskiya ta faɗa. Kofato ya karya arewa da sawun mutum biyu masu takalmin roba. Tauraro ya miƙe shi kaɗai. Arɗo ya bi su wajen Shinkafi."

"A kwance shi," in ji Magaji.

Ana kwancewa ruwa ya ɓalle. Masu dutse sunka watse, kowa na neman zaure, har da masu cewa dama su tun farko ba su yarda ba. Abdulbasit ya tada babur ya tahi, ko waiwayen Usmanun da ya kawo bai yi ba.

Usmanu ya tako cikin ruwan har gaban ɗiyarsa. Ta kama ƙafarsa.

"Baba, ka yafe mini. Baba, hannu ne. Ba zan iya kallo a yanke ba ina da magana a baki. Ka dake ni, ka rufe ni a ɗaki, amma kada ka ce ba kai ka haife ni ba."

Ya tsaya, ruwa na zuba daga gemunsa. Ban san ko ruwan sama ne duka ba.

"Na faɗa miki tun farko. Kin zaɓa." Ya zare ƙafarsa. Ya dube ni. "Baba, kai ka sani ka ɓoye mini. Ga ta nan, taka ce. Kada ta taka sashena."

"Na karɓa," na ce. "Ni na riƙe ubanta, ita ba za ta gagare ni ba."

Ya juya ya tahi a ƙasa cikin ruwa.

Sirajo ya sunkuya zai ɗauki kambas ɗinsa, yatsunsa sunka ƙi kamawa. Hannun ya kumbura, igiya ta bar masa rami a wuyan hannu. Ya ɗaga shi a gaban idonsa yana lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, yana kuka kamar wanda anka yaye. Ya dubi Rekiya can ƙetaren fili.

"Don mi kika zo? Na ce babu kowa. Yanzu ba ki da uba."

"Kai kuma kana da hannu," ta ce. "Ɗauki takalminka, ruwa na shiga."

Da haƙori da gwiwar hannu ya tattara su.

Damina ta ƙare, anka yanke gero, anka kai rumbu. Kullum da safe Rekiya na durƙusawa a bakin zanan ubanta ta gaishe shi, kullum shiru ne ke amsa mata. A sashena take kwana, tuwona take tuƙawa, in ta zaci na yi nisa sai in ji tana shessheƙa. Ko sau ɗaya ban ji ta ce da ta sani ba.

Na san akwai masu cewa tsoho ya ƙara gishiri. To mai shakka shi hau mota zuwa Kaura, shi tambayi shagon tela uban mai gudu, shi miƙa wa Sirajo hannu. In hagu ya ba shi, shi dawo Ɗan Isa shi karya sandata a kaina, ina zaune a ƙofar gida, ba inda za ni.